Faɗuwar Giwa Mai Fukafukai: Darasi Ga Masu Son Kawo Jirgi Gusau

Shekara da shekaru, maniyyacin da ya fito daga Tsafe sai ya ratsa Gusau, ya wuce Bunguɗu da Talatar Mafara, ya yi tafiyar fiye da kilomita 200 a mota kafin ya isa filin jirgin sama na Sakkwato, inda aka saba ɗaukar alhazan Jihar Zamfara. Wannan wahala tana cikin dalilan da suka sa mutanen jihar suka yi murna lokacin da aka ƙaddamar da aikin gina babban filin jirgin sama a Gusau a cikin watan Yuni na 2024. To, amma gina fili daban, samun kamfanin da zai riƙa sauka a cikinsa kowane mako ba tare da ya karye ba daban. Tarihin kamfanonin jiragen sama na ƙasar nan ya isa ya zama ishara ga mai hankali.

An kafa Kamfanin Jiragen Sama na Nijeriya, wato Nigeria Airways, a 1958. Tambarinsa giwa ce mai fukafukai, kuma a zamanin da kuɗin man fetur suka bunƙasa ya mallaki jirage kimanin 30, har da manya samfurin DC-10 da Airbus A310, yana zuwa Landan da Jidda da biranen Afirka masu yawa. Fasinja kuwa bai taɓa yi masa ƙaranci ba. Abin da ya rasa shi ne riƙon alkawari. Sau da yawa akan sayar da tikiti fiye da yawan kujerun jirgi, har ya zama mai tikiti a hannu sai ya sheƙa da gudu zuwa bakin matakala kafin ya sami wurin zama. Jirgi kan yi jinkirin sa'o'i ba tare da an yi wa kowa bayani ba. Ma'aikata sun yi wa jiragen yawa, ma'aikatun gwamnati kuma suna hawa bashi.

Gwamnatin Tarayya ba ta naɗe hannu ba. A 1979 ta ɗauko kamfanin KLM na ƙasar Holan ya tafiyar da harkokin kamfanin na shekara biyu. Da wa'adin ya cika baƙin suka koma gida, al'amura suka koma gidan jiya. Daga nan sai ga shirin tsuke bakin aljihu na 1986, darajar naira ta faɗi. A nan ne babban ciwon wannan sana'a ya bayyana: ana sayar da tikiti da naira, amma kayan gyara da hayar jirgi da inshora duk da dala ake biyansu. Bashi ya yi wa kamfanin katutu, har a 1987 Ƙungiyar Kamfanonin Jiragen Sama ta Duniya, IATA, ta dakatar da shi daga asusun da kamfanoni ke biyan junansu ta cikinsa. Ma'anar wannan ita ce tikitinsa ya daina aiki a jiragen sauran kamfanoni. An sallami dubban ma'aikata, an canza shugabanni ba adadi, amma duk a banza. A 2003 giwar ta daina tashi.

Gurbin da kamfanin gwamnati ya bari shi ne ya zama kasuwar 'yan kasuwa. A 1980 Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo ya kafa Kabo Air a Kano, jiragensa suka fara aiki a 1981. Shi da takwarorinsa irin su Okada sun ja fasinja da abu guda mai sauƙi, wato wanda ya biya kuɗinsa ya sami kujera ya tafi. Amma da kamfanoni suka yawaita a hanyoyin Legas da Abuja da Kano, riba ta ragu, tsofaffin jirage kuma suna shan mai suna cin kuɗin gyara.

A 2001 Kabo ya yanke shawarar da ɗaliban ilmin kasuwanci ya kamata su yi nazari a kanta. Ya janye daga jigilar cikin gida ta yau da kullum, ya mai da hankali ga ɗaukar alhazai da ba da shatar jirgi, da manyan jiragensa samfurin Boeing 747. Hikimar a fili take. Jirgin alhazai yana tashi cike, an san yawan fasinjansa tun da wuri, an kuma tara kuɗin kujera kafin ranar tafiya. Wato kamfanin ya bar kasuwar da yake kokawa da kowa, ya koma wadda ya fi kowa sanin mutanenta.

Sai dai wannan dabara ma tana da nata rauni. Aikin Hajji sau ɗaya ne a shekara, jirgi kuwa ko yana ajiye yana cin kuɗi, ga albashin matuƙa da injiniyoyi na wata 12. Bugu da ƙari, bayan kafa Hukumar Alhazai ta Ƙasa a 2006, samun kwangilar ya zama takara, kuma kamfanin Saudiyya yana da nasa kaso na alhazan Nijeriya. Max Air, wanda Alhaji Ɗahiru Mangal na Katsina ya kafa, ya bi hanyar ta ɗaya ɓangaren: ya fara da alhazai da masu Umra, sa'an nan a 2018 ya shiga jigilar cikin gida domin kuɗi su riƙa shigowa duk shekara.

Masu cewa mallakar gwamnati ce kaɗai ta kashe Nigeria Airways sai su dubi ƙasar Habasha. Kamfanin Ethiopian Airlines, wanda ya fara tashi a 1946, na gwamnati ne, amma ya zama mafi girma a Afirka. An bar ƙwararru suna tafiyar da shi bisa lissafin riba da hasara, ya kafa makarantar horar da matuƙansa da wurin gyaran jiragensa, ya kuma mai da Adis Ababa mahaɗar da fasinjan ƙasashe da yawa ke canza jirgi.

Me wannan tarihi yake gaya wa duk kamfanin da ke sha'awar hanyar Gusau? Da farko ya san ko su wane ne fasinjansa: ma'aikatan gwamnati masu zuwa Abuja, 'yan kasuwa masu zuwa Kano da Legas, ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau da malamansu, marasa lafiya masu neman asibiti, da kuma waɗanda fargabar 'yan bindiga ta sa suke gudun doguwar tafiya a mota. Yawansu ne zai nuna girman jirgin da ya dace. Ƙaramin jirgi mai kujera 50 da ke tashi cike ya fi babba da ke tashi da rabin kujeru wayam. Na biyu, gara kwana uku a mako waɗanda ba sa saɓawa da a yi alkawarin kullum a kasa cikawa, domin mutumin Tsafe da ya yi sammako ya tarar an soke tafiya ba zai sake dawowa ba, kuma zai ba maƙwabtansa labari. Na uku, a kai tikiti inda mutane suke, ta hannun wakilai amintattu a garuruwa da ta wayar hannu, a kuma yi sanarwa da Hausa a rediyo. Na huɗu, ma'aikatar da za ta tura jami'anta ta biya kafin su hau.

Ga ma'aikacin gwamnati kuwa akwai nasa rabon a cikin darasin. Takardar biyan kuɗi da aka danne a kan tebur wata da watanni tana cikin abubuwan da suka karya fukafukan giwa. Hausawa sun ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.