Ruwan Burtsatsen Unguwarku: Yaushe Rabon Da A Gwada Shi?



Kusan kowace unguwa yanzu da burtsatsenta: wani na masallaci, wani wani bawan Allah ne ya haƙa sadaka, wani kuma karo-karo aka yi. Aikin lada ne babba, irin wanda Sayyidina Usman (RA) ya yi da ya sayi rijiyar Ruma a Madina ya waƙafta wa Musulmi. To amma haƙawa ɗaya, kulawa ɗaya. Ranar da aka ƙaddamar an yi addu'a an watse, wa ya ƙara waiwayar lafiyar ruwan?

Mu da yawa da ido muke auna ruwa: in launinsa, ɗanɗanonsa da warinsa ba su jirkita ba, shi ke nan. Wannan ma'aunin malaman fiƙihu ne na ruwan tsarki, kuma daidai ne a babinsa. Amma ruwa kan yi garai-garai, ya yi alwala, alhali yana ɗauke da ƙwayar kwalara ko taifot, ko sinadarin da ba a gani ba a ji.

Mutanen Tibiri da ke kusa da Maraɗi a Jamhuriyar Nijar sun ga wannan. Daga tsakiyar shekarun 1980 suka shafe shekaru suna shan ruwan wata rijiyar burtsatse mai yawan sinadarin fuloraid. Ruwa fes a ido, amma ɗaruruwan yara suka taso haƙora sun dafe, ƙasusuwa sun lanƙwashe. Gwaji a kan lokaci da ya tona matsalar tun da wuri.

Me doka ta tanada? A Najeriya hukumar SON ta fitar da ma'aunin ingancin ruwan sha tun 2007, NAFDAC kuma ita ke yi wa ruwan leda da na gora rajista. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya ya ce kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100, don samunta alama ce bahaya ya shiga ruwan. Fuloraid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, naitiret kada ya wuce 50, darma kuwa 0.01.

Ga abin da ya rataya a wuyan kwamitin burtsatse:

1. A kai ruwan ɗakin gwaji aƙalla sau ɗaya a shekara, da kuma bayan kowace ambaliya. Hukumar ruwa da tsaftar karkara ta jiha ko duba-gari na ƙaramar hukuma za su nuna inda ake kaiwa.
2. A liƙa takardar sakamakon inda kowa zai gani.
3. Tsakanin rijiya da ramin masai ko juji a bar aƙalla mita 30.
4. A daɓe bakin burtsatsen da siminti, kada ruwa ya kwanta a gindinsa.
5. A wanke tanki duk wata shida, a rufe shi ruf. Sau da yawa ruwan ƙasa lafiya lau yake, a tanki yake lalacewa.
6. A gyara duk bututun da ya fashe, musamman wanda ya ratsa kwata.

Maigida, kai ma da naka. In ana shakka, a tafasa ruwan sha ya yi minti ɗaya yana ɓararraka, ko a sa ƙwayar kilorin yadda aka rubuta a jikin kwalin, a jira minti 30. Sai dai a sani: tafasawa ƙwayoyin cuta take kashewa, ba ta cire fuloraid ko darma. Uwargida, a rufe randa, a ware mata moɗa ɗaya mai mariƙi, kada yara su riƙa tsoma hannu. Annabi (SAW) ya yi umarni da rufe ƙorai da ɗaure bakin salka. Jarkokin mai ruwa ma a leƙa cikinsu, in sun yi gansakuka a yi masa magana cikin mutunci.

In aka ga amai da gudawa a gida biyu uku lokaci guda, a fara ba da ruwan gishiri da sukari, a garzaya asibiti, a kuma sanar da mai unguwa.

Wannan Juma'ar, bayan an idar, ka tambayi shugaban kwamitinku: "Alhaji, ina takardar gwajin ruwanmu?" In babu, ku haɗa kuɗin gwajin, ya fi kuɗin ƙarin ruwa a asibiti sauƙi.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya saka wa masu shayar da al'umma da Aljanna. A tura wa 'yan uwa.