Kalkuleta Da Waya Sun Saɓa A Lissafi: Wa Ke Da Gaskiya?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani ɗan kasuwar hatsi a Kurfi ta Jihar Katsina. Ya ce ya je kasuwar Dutsin-Ma ya saro gero buhu 3, kowane buhu Naira 40,000, ya kuma biya kuɗin mota Naira 5,000. Da ya dawo suka zauna lissafi da abokin da suka haɗa jari, sai ya danna 5,000 + 40,000 × 3 a 'yar kalkuletarsa, ta ba shi 135,000. Abokin ya danna waɗannan lambobi a wayarsa, ita kuwa ta ce 125,000. Har an fara sa-in-sa a kan Naira 10,000. Shi ne yake tambaya, wace ce ta lalace a cikin na'urorin nan biyu?

To Malam, mun gode da wannan tambaya. Amsa a taƙaice ita ce babu wadda ta lalace. A wannan ciniki naka wayar ce ta faɗi daidai, abin da ka kashe 125,000 ne. Amma kada abokin naka ya yi saurin murna, domin akwai inda kalkuletar za ta faɗi daidai wayar ta kuskure. Ga yadda abin yake.

Kalkuleta da waya da kwamfuta, duk babu mai hankalin kanta. Mutane ne ke zama su rubuta musu umarni layi bayan layi, a ce yi kaza, in ka gama ka yi kaza. Wannan rubutu shi ne ke zama manhaja. Na'ura ba ta san gero ba, ba ta san kuɗin mota ba, abin da aka ce ta fara da shi, da shi take farawa.

Ƙaramar kalkuleta irin ta shago an tsara ta ne ta riƙa yin aiki nan take, daga hagu zuwa dama. Da ka danna 5,000 + 40,000 sai ta haɗa su suka zama 45,000, sannan ta ninka sau 3. Ka ga ke nan ta biya kuɗin mota sau uku, alhali kai sau ɗaya ka biya. Nan ne Naira 10,000 ta ɓullo.

Ita kuwa manhajar lissafi ta wayoyin zamani tana jira sai ka gama rubuta layin duka, sannan ta bi ƙa'idar fifiko ta masana lissafi, wadda yaranku 'yan makaranta suka sani da suna BODMAS. Ƙa'idar ta ce a fara da abin da ke cikin baka biyu, wato alamar nan ( ), sannan ninkawa da rabawa, daga ƙarshe tarawa da ɗebewa. Shi ya sa wayar ta tsallake 5,000, ta fara ninka 40,000 sau 3 ya ba ta 120,000, sannan ta dawo ta ƙara kuɗin mota.

Yanzu mu juya misalin. A ce kowane buhu ka biya masa dako Naira 500. Ka danna 40,000 + 500 × 3. Kalkuleta za ta ce 121,500, kuma haka ne. Waya kuwa za ta ninka dakon kaɗai, ta ce maka 41,500, kamar buhu ɗaya ka saya. In kana so ta gane nufinka sai ka rubuta (40,000 + 500) × 3.

Wannan saɓani su ma masu rubuta manhaja sun daɗe suna fama da shi, domin harsunan da ake yi wa kwamfuta rubutu da su suna da yawa, kuma kowane da ƙa'idarsa. Harshen Fortran, wanda John Backus da abokan aikinsa a kamfanin IBM na Amurka suka fitar a 1957, ya bi masana lissafi, ninkawa kafin tarawa. Yawancin harsunan da suka biyo baya haka suka yi. Amma harshen Smalltalk, da aka ƙirƙira a kamfanin Xerox cikin shekarun 1970, daga hagu zuwa dama yake bi, irin na kalkuletarka. Kai, ko a kwamfuta ɗaya mai Windows, manhajar lissafinta tana da fuska ta gama-gari da fuska ta kimiyya, kuma amsarsu kan bambanta a irin wannan lissafi. Saboda haka ɗalibin kimiyyar kwamfuta, ko a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da aka kafa a 2011 ko a Ingila yake, tun farkon karatu ake gargaɗinsa: in kana shakka, sa baka biyu.

Ban da fifiko a cikin layi ɗaya, akwai kuma jerin layukan kansu, wanne ne gaba wanne ne baya. Manomi ba ya buƙatar a yi masa dogon bayani a nan. Mai noman rani a bakin dam ɗin Zobe ya san sai an gyara fili an ja kwali kafin a dasa, ba a dasa sannan a zo ana kaftu. Aikin ɗaya ne, amma in aka sauya jerin an yi asarar iri.

Haka abin yake a na'urar POS da kuke cire kuɗi da ita. Tana karanta katinka, ta karɓi lambar sirri, ta aika wa banki saƙo. Manhajar banki ta duba ko kuɗin da ke asusunka ya isa, in ya isa ta cire, sannan ta aiko wa na'urar amsa a buga rasit. Da mai rubutu zai yi kuskure ya sa cirewa gaban dubawa, da mutum zai kwashi abin da ba shi da shi. Wannan jeri shi ne kuma ya sa wani lokaci ake cire maka kuɗi amma rasit ya nuna bai yi ba: sabis ya yanke ne bayan cirewa, kafin amsa ta iso. In haka ta same ka, ka riƙe rasit ɗin, shi ne shaidarka wajen neman a mayar maka da kuɗinka.

To, ga shawara Malam. Da farko ka gwada na'urarka, danna 2 + 3 × 4. In ta ce 20, mai bi daga hagu ce. In ta ce 14, mai bin fifiko ce. Na biyu, ka riƙa fara ninkawa sannan ka ƙara na gefe. Da ka danna 40,000 × 3 + 5,000, da kalkuleta da waya duk 125,000 za su ba ku. Na uku, in kayan iri-iri ne, gero da dawa da wake, ka ninka kowanne shi kaɗai ka danna M+, in ka gama ka danna MR ta fito maka da jimla. In ba ka saba da wannan ba, rubuta kowanne a takarda ka tara. Na huɗu, ka fara ƙiyastawa da ka. Wanda ya saro buhu 3 a kan 40,000 ya san maganar ba ta yi nisa da 120,000 ba.

Sai ka nemi abokin naka ku sake zama, ku danna tare kowa yana gani.