Na'urar kafe a Yauri: abin da yake gaskiya da abin da ake faɗi kawai

Na'urar ta iso Yauri ne cikin kayan wani ɗan'uwanmu da ya dawo daga Tamanrasat. (Yaurin ƙasar Matameye nake nufi, ta jihar Damagaram, kada mai karatu ya tafi ta Kabbi.) Tsaraba ce aka kawo wa ƙanena, malamin makaranta mai raba dare yana duba littattafan yara. Baƙa ce sumul, tsayinta bai kai kamu biyu ba, da tankin ruwa a bayanta da ƴar ƙofa a ka. A ƙofar nan ake jefa ɗan kwanso, wanda masu shago ke kira kafsul, a danna maɓalli, kafin minti ɗaya kafe ya zubo da kumfa a kansa, kofi ɗaya cif. Kwali biyu na kwanso suka zo tare da ita. Da suka ƙare aka zaga Matameye ba a samu ba. Wani ya sayo a Damagaram, aka kawo, ya ƙi shiga ƙofar. Kafin a kai ga samun wanda ya dace, ruwan ma ya koma fita ɗis-ɗis.

Sai ya kira ni: "Yaya, wannan abu ya ishe ni. Wace zan saya a madadinta?" Kafin in ba shi amsa abokan hirarsa na fada sun riga ni, kowa da abin da ya ji. Na tsaya na bi maganganun ɗaya bayan ɗaya, domin kuɗin malamin makaranta ba na zubarwa ba ne, kuma wasu daga cikinsu sun taɓa lafiyar mutane.

Wadda ta fi yawo ita ce wai an saka ƙwaya a cikin kwanson, shi ya sa aka liƙe shi kada a gani. Na sa wuƙa na farka guda a gabansa. Garin gahawa ne zalla, kimanin giram 5 zuwa 6, kusan babban cokali ɗaya. An liƙe shi ne don kada iska ta shiga ta kwashe ƙamshi. Akwai nau'in da ake haɗawa da garin madara da sukari, kuma a rubuce yake a jikin kwali. Na san inda tsoron ya samo tushe. A garuruwanmu an ga matasan da ke jefa tiramol cikin kofin kafe da hannunsu, har sunan kafe ya ɓaci a wajen iyaye. Wannan damuwa ce ta gaske, amma hannun mai sha ne ya kai ƙwayar cikin kofi.

Maganar da ta tabbata kuwa ita ce kwanson da aka yi wa wani samfurin na'ura ba ya shiga wani. Nespresso, wanda Nestlé ya fito da shi a 1986, yana da nasa fasali. Dolce Gusto na 2006, duk da gida ɗaya suka fito, nasa daban ne. Keurig na Amurka shi ma haka. Ko a cikin Nespresso, samfurin Vertuo da ya zo a 2014 ba ya karɓar kwanson na farko. Haka aka tsara cinikin tun asali: a sayar maka da na'ura sau ɗaya, ka yi ta komawa sayen kwanso. A birnin da shago ke bakin ƙofa wannan ba komai ba ne. Mutumin Yauri kuwa sai ya jira mai zuwa Yamai ko Kano. Ga kuma lissafi: ƙunshin garin gahawa mai giram 250 daidai yake da kwanso arba'in da wani abu, kilo ɗaya kuma ya kusa kwanso 180. Duk wanda ya kwatanta farashin biyun zai ga kuɗin kwanso ya ninka. Akwai kwanson ƙarfe da ake cikawa da hannu a wanke a sake, yana kuma aiki, sai dai yana son niƙa daidai wa daida, kuma shi ma sai wanda aka ƙera don wannan na'urar.

Batun wuta ne na fi daɗewa a kai, don rabinsa gaskiya ne rabinsa kuskure. Cewa aka yi na'urar tana shan wuta kamar injin niƙa. Irin waɗannan na'urori suna jan wat 1,200 zuwa 1,500, amma na ɗan lokaci. A ce wat 1,300 na minti biyu: abin da ta ci kusan daidai yake da na ƙwan fitila mai wat 10 da aka bari sa'a huɗu. Ke nan a takardar kuɗin wuta ba za a ma lura da ita ba. Matsalar tana wajen fizgar farko. Gidan da ya dogara da sola, mai batir ɗaya na bolt 12, in aka jona masa wat 1,300, ana neman batirin ya ba da sama da amfiya 100 a take. Ƙaramar inbata mai wat 500 ko 1,000 sai ta yi ƙara ta ɗauke, in ma ba ta ƙone ba. Wutar layi kuma kowa ya san halinta. Yankin Damagaram da Maraɗi ya daɗe yana samun lantarki ta layin da ya taso daga Katsina, kuma ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Najeriya ta katse shi bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, har zuwa Maris na 2024. Abin da ba ya ba ka kofi ɗaya sai da wuta mai ƙarfi, a nan rabin kaya ne. Wani gargaɗi da ya kamata masu sayen kayan gwanjo su riƙe: na'urar da aka yi don Amurka ta bolt 110 zuwa 120 ce, tamu wutar 220 ce. Jonawa ɗaya ta isa ta kashe ta. A duba lambar da ke gindinta kafin a miƙa kuɗi.

Ɗigon ruwan da ya fara yi wa ƙanena ciwo, wanda aka ce alamar jabu ce, bayaninsa yana cikin butar shayin kowane gida. Leƙa gindinta za ka ga farin ɓawo ya daskare. Ma'adinin da ke cikin ruwan rijiya da na famfo ne, yana kwanciya duk inda ruwa ya yi zafi. A buta ba ya hana komai. A na'urar da bututunta bai fi tsinken tsintsiya kauri ba, toshewa yake yi. Ta asali da ta jabu duk haka suke yi. Ana wanke shi da ruwa mai tsami, wato garin tsamin lemo da ake sayarwa don wannan aiki, a bi da ruwa mai kyau sau biyu ko uku. Kanwa ba ta narkar da shi, kada a gwada.

Wani abokinsa ya dage cewa a nemi wadda aka rubuta wa "bar 19" ko "bar 20", wai yawan lambar shi ne kyan kafe. Bar ma'aunin matsi ne. Tayar ƙaramar mota tana ɗauke da kamar bar 2. Kafen Italiya mai kauri da ake kira esfireso da kimanin bar 9 ake fitar da shi. Lambar da ke jikin kwali iyakar ƙarfin famfon ce, ba ta cewa komai game da ɗanɗano. Abin da ke gyara kofi ko ya ɓata shi su ne gahawar kanta da sabuntarta, da yadda aka niƙa ta, da zafin ruwa, wanda ake so ya tsaya tsakanin digiri 90 da 96. Wannan ba ya bukatar ma'auni: ruwa ya tafasa, a sauke, a ba shi kamar rabin minti.

To me za a saya? Na fara da tambayarsa abin da yake sha a zahiri. In Nescafé na leda ne, irin na teburin mai shayi, babu na'urar da yake bukata sai buta da cokali. Masu cewa wannan ba gahawa ba ce, sinadari ne kawai, sun yi kuskure. Gahawa ce aka dafa aka busar da ruwanta ya koma gari, fasahar da aka fara sayarwa a Suwizalan a 1938, kuma ana sarrafa ta a Abijan da gahawar robusta ta Kodebuwa. Inda suke da gaskiya shi ne ledar nan mai haɗi uku: mafi yawan abin da ke cikinta sukari ne da garin da ke madadin madara, gahawar kaɗan ce. Mai ciwon sukari ya kula.

Shi kuwa ya ce kaurin nan da ƙamshin da ya ɗanɗana a na'urar yake so. A nan na ba shi shawarar butar moka, ba tare da wani kokwanto ba. Alfonso Bialetti ne ya fito da ita a Italiya a 1933, ƴar buta mai kusurwa takwas, hawa biyu. Ana zuba ruwa a ƙasa, gari a ɗan kwandon tsakiya, a murɗa a ɗora a wuta. Tururi ya tura ruwan ya ratsa garin ya hau sama. Gas ko garwashin da ake dafa shayi duk ɗaya ne a wajenta, muddin wutar ba ta yi yawa ba kuma mariƙin bai sha harshenta ba. Ƙa'idarta kaɗan ce: ruwa kada ya rufe ɗan bawul ɗin da ke gefe, gari kada a danna shi, kuma da ta fara gurnani a sauke. Matsinta bai wuce bar 1 zuwa 2 ba, saboda haka kumfar na'ura ba za ta samu ba, gara in faɗa masa tun yanzu. An ce wai sanholon jikinta yana jawo ciwon mantuwa. An yi shekaru ana bincike kan sanholo da wannan ciwo ba a tabbatar da cewa kayan girki na haddasa shi ba, kuma tukwanen gidajenmu da shi aka yi su. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba, akwai ta baƙin ƙarfe marar tsatsa.

Gidan da ake sha da yawa, tulun gilashi mai matsewa ya fi sauƙi: gari mai tsaki-tsaki kamar giram 60 a lita ɗaya, minti huɗu, a danna rariyar ƙasa. Aibinsa gilashi ne, ga yara a tsakar gida. Akwai kuma abin da ba a cika faɗa ba: gahawar da ba a tace da takarda ba tana ɗauke da wani mai da ke ɗaga kitsen jini ga wanda ke sha da yawa kullum. Takardar tacewa, wadda wata mata Melitta Bentz ta ƙirƙiro a Jamus a 1908, tana tare shi. Wanda likita ya yi wa kashedi kan kitsen jini, mazurari da takarda ne nasa.

Ban so kuma a ɗauka sai kayan Turai ake shan gahawa mai kyau ba. Tun ƙarni na 15 sufayen Yaman ke dafa ta don raya dare da zikiri. Hausawan Sudan, zuriyar mahajjatan da suka zauna a garuruwan hanya irin su Mai Wurno, sun san jabana, ƴar tukunyar yumɓu mai dogon wuya da ake dafa gahawa da citta a ciki. A Senegal, kafe Tuba na muridan Shehu Ahmadu Bamba da kimba ake soya shi a daka, a tace da ƙyalle. Kimbar nan dai da ke cikin kayan yajin uwargida. Turmi mai tsabta, rariya, butar shayi da farin ƙyalle sun isa, in dai an samu ƙwayar gahawa. Ita ce ba ma nomawa, don tana son ruwan sama mai yawa. Sai an kawo daga Kodebuwa, ko Kamaru, ko tsaunin Mambila a Taraba, ko Habasha. Garin da ake yi da ƙwallon dabino ko ƴaƴan rai-ɗore ana kiransa gahawa, launinsa ya yi kama, amma babu kafeyin a ciki. Mai neman abin hana barci ya sani. Ƙwayar da ba a niƙa ba ta fi jure zafin bazara, a rufe ta ruf a inuwa, a riƙa dakan na kwana biyu ko uku.

Sauran maganganun fada na lafiya ne. Cewa kafe na kawo ciwon daji ya samo asali daga 1991, lokacin da cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin abubuwan da ake zargi. A 2016 ta sake duba hujjoji ta cire shi. A wannan zama ne ta ja kunne kan duk abin sha da ya wuce digiri 65, saboda maƙogwaro, kuma wannan ya shafi shayinmu da muke kurɓa yana tururi. Cewa yana shanye jini kuwa akwai ƙamshin gaskiya: kafe da shayi duka suna rage ƙarfen da jiki ke tsotsa daga abinci in an sha su tare da cin tuwo. Mai ciki da mai ƙarancin jini su ba da tazarar sa'a ɗaya ko biyu. Hukumar kula da abinci ta Turai ta ce a 2015 miligiram 400 na kafeyin a yini ba ya cutar da baligi mai lafiya, kusan manyan kofuna huɗu ke nan, mai ciki kuma ta tsaya a 200. Robusta da ta fi yawa a kasuwanninmu ta ninka nau'in arabika kafeyin kusan sau biyu, don haka kofinta ɗaya ba ɗaya yake da na waccan ba. Mai hawan jini ko bugun zuciya ya tambayi likitansa.

Ƙanena ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "To Yaya, mokar fa, me ke lalacewa a jikinta?" Na ce zoben roba ne da ke tsakanin hawa biyun, shi ke tsufa ya fara yoyo. Ya ba wani direban Kano sautu: buta mai cin kofi uku, zoben roba biyu na ajiya, da rabin kilo na ƙwayar gahawa soyayya. Tsohuwar na'urar kuma ya wanke mata bututu, ya mayar da ita kwalinta saboda ƙurar hunturu, ya ce zai ba wani abokin aikinsa da aka mayar Yamai.