Hutun Ƙwallo Bai Kashe Gardamar Pillars A Cikin Birni Ba

Daga Wakilinmu

Tun daga lokacin da hukumar shirya gasar ƙwallon ƙafa ta Nijeriya ta daidaita kakar wasanninta da ta ƙasashen Turai, hutun 'yan wasa ya koma faɗowa a tsakiyar damina, watau daga wajen watan Yuni zuwa Agusta. A waɗannan watanni filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata yakan yi tsit, amma fa bakin magoya bayan Kano Pillars ba ya hutawa. Duk wanda ya ratsa Yakasai ko Mandawari ko Koki ko Gwale bayan sallar isha'i zai tarar da majalisu a ƙofar gida da teburin mai shayi, ana ta kai gwauro ana kai mari a kan abu uku: wa za a sallama, wa za a saya, kuma wane yaro ne a unguwa ya isa ya sa rigar Masu Gida.

Wanda bai san Kano ba zai ɗauka hira ce ta kashe lokaci. Alhali kuwa Pillars ƙungiyar Gwamnatin Jihar Kano ce, daga baitulmalin jama'a ake biyan albashin 'yan wasanta da masu horar da su, saboda haka ma'aikacin da ya zauna yana tambayar yadda za a kashe kuɗin sayen 'yan wasa, tambayar haƙƙinsa yake yi.

An kafa ƙungiyar a 1990, bayan an haɗe ƙungiyoyi uku, watau WRECA da Kano Golden Stars da Bank of the North. Dattawan majalisa, waɗanda har yanzu wasunsu tamaula suke ce wa ƙwallo, ba sa yarda a fara tarihi daga nan. Su a wurinsu sai an ambaci Raccah Rovers, wadda ta ɗauko wa Kano kofin gasar ƙasa a 1978, tun kafin a haifi yawancin masu gardamar yau. Da zarar wani saurayi ya ɗaga murya yana yabon ɗan wasan bana, sai ka ji dattijo ya ce masa ya yi a hankali, shi bai ga komai ba. Saurayin kuwa sai ya sunkuyar da kai ya ce haka ne Baba, sa'an nan ya ci gaba da maganarsa daga inda ya tsaya.

Su samarin ma suna da nasu tarihin da za su yi tinƙaho da shi. Pillars ta ci gasar ƙasa sau huɗu: a 2008 a hannun Kadiri Ikhana, a 2012 da 2013 a hannun Muhammad Baba Ganaru, sai 2014 a hannun Okey Emordi. A 2009 ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka, alhali Al Ahly ce ke riƙe da kofin, bayan an tashi 1-1 a Nijeriya da 2-2 a Alƙahira. Ta kai har wasan kusa da na ƙarshe kafin Heartland ta Owerri ta tare ta. Haka kuma ta yi shekara goma sha biyu, daga 2003 zuwa 2015, ba wanda ya zo gidanta ya ci ta a gasar ƙasa, wasa 202 ke nan, sai da Nasarawa United ta karya wannan lago. Akwai kuma ranar da ba a son tunawa, amma kullum sai an tuna: wasan ƙarshe na kofin ƙalubale a Asaba a 2018, inda Pillars ta zura wa Enugu Rangers ƙwallo uku ba ko ɗaya, Rangers ta farke duka, ta kuma ɗauke kofin a bugun daga kai sai mai tsaron gida. Shekara ta zagayo, a 2019, Pillars ta share hawayenta a Kaduna, ta doke Niger Tornadoes a irin wannan bugun.

Daga nan sai ƙafa ta zame. A 2022 ƙungiyar ta faɗa rukuni na biyu, ta dawo a 2023. Tun daga wannan faɗuwa hirar hutu ta sake launi. Da ana gardamar wane kofi za a ɗauka, yanzu kuwa rabin maganar ta koma kan tsofaffin 'yan wasa.

Sunan da ya fi yawo a baki shi ne Rabi'u Ali, wanda ake yi wa laƙabi da Pele. An haife shi a 1980, yana cikin waɗanda suka ci kofunan 2012 zuwa 2014, ya wakilci Nijeriya a gasar 'yan wasan gida ta Afirka a 2014 inda ƙasar ta zo ta uku, ya kuma ci gaba da cin ƙwallaye bayan ya haura shekara arba'in. Majalisa takan rabu biyu a kansa. Wasu suna ganin duk shekarar da ya buga riba ce, domin in aka sami bugun tazara a bakin gida, ba a ga wanda zai ajiye ƙwallo inda yake ajiye ta ba. Wasu kuma suna cewa abin a yi kuka ne a ce birni kamar Kano ya yi shekara goma yana neman magajin mutum ɗaya bai samu ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai na biyun ne ya taɓo inda ke yi wa ƙungiyar ƙaiƙayi.

Sai kuma Ahmed Musa. Ya ci ƙwallo 18 a kakar 2009 zuwa 2010 yana sanye da rigar Pillars, ya zama wanda ya fi kowa ci a ƙasar, daga nan ya wuce VVV-Venlo ta ƙasar Holan, sa'an nan CSKA ta Mosko da Leicester ta Ingila da Al-Nassr ta Saudiyya. Ya ci Ajantina biyu a gasar duniya ta 2014, ya ci Iceland biyu a ta 2018. Ya dawo Pillars na ɗan lokaci a 2021, ya sake dawowa a 2024 tare da Shehu Abdullahi, kuma a watan Yuli na 2025 gwamnati ta naɗa shi babban manajan ƙungiyar. Dawowar tasu ta cika fili da 'yan kallo, ba a Kano kaɗai ba, har a garuruwan da Pillars ta je baƙunta. Amma akwai wani abu da masu majalisa kan tsallake: Ahmed Musa a Jos aka haife shi, a can ya koyi ƙwallo, Shehu Abdullahi kuma Basakkwace ne. Kano ta karɓe su sun riga sun nuna. In ana neman ɗan gari da ya bi ta Pillars ya kai ƙololuwa, sai a koma kan irin su Sani Kaita, wanda ya buga wasan ƙarshe na gasar matasa ta duniya a Holan a 2005, ya wuce Sparta ta Rotterdam, ko da yake abin takaici ne yadda mutane suka fi tuna jan katin da aka ba shi a wasan Girka a 2010 fiye da lambar azurfar da ya ciyo a wasannin Olamfik na 2008.

To, ina yaran cikin birni suke? Wannan ita ce tambaya ta uku, kuma ita ce ake yi wa gajeriyar amsa. Yara dai ga su nan. Wanda ya je filin Mahaha na Ƙofar Na'isa da sassafe ko bayan la'asar zai ga ƙungiyoyin unguwanni suna karɓa-karɓar fili, wasu da takalmi wasu da ƙafa, kociyoyinsu kuwa mafi yawa masu sana'a ne da ke yin aikin don sha'awa, har su kan sayi ƙwallo da kuɗin aljihunsu. Kowace majalisa tana da yaron da take rantsuwa da shi. Ga kuma gasar Kofin Ramat, wadda ƙungiyar wasannin matasa ta YSFON ke shiryawa a Kano domin tunawa da marigayi Janar Murtala Ramat Muhammad, inda jihohi ke kawo yaransu. Abin da babu shi ne tabbatacciyar hanya wadda za ta ɗauki yaro daga wannan fili ta kai shi Ƙofar Mata ba tare da ya san wani ba.

A nan ne ɗalibai masu bibiyar wasannin ƙasashen waje kan kawo misalin Amurka. Can akwai wani wasa da su ma suke kira ƙwallon ƙafa, ko da yake da hannu aka fi yinsa, da ƙwallo mai siffar ƙwai da hular kwano. Magoya bayansa su ma sukan kwashe hutunsu, daga Fabrairu zuwa Satumba, suna irin wannan gardama. Bambancin shi ne tun 1936 babbar gasarsu ta kafa tsarin zaɓen sababbin 'yan wasa daga jami'o'i. Ƙungiyoyi 32 suna zama sau ɗaya a shekara, a wajen ƙarshen Afrilu, su yi zagaye bakwai suna zaɓe, kuma wadda ta fi kowa shan kashi a bara ita ke fara ɗauka. Kafin ranar an auna gudun kowane yaro da ƙarfinsa a bainar jama'a, an san makarantarsa da shekarunsa. Ta wannan hanya ce Christian Okoye, mutumin Enugu da ya je Amurka karatu da wasan jifa, ya shiga ƙungiyar Kansas City a 1987. Saboda haka mai goyon baya a can in yana gardama a kan yaro, da alƙaluma a hannunsa yake yi.

Ba za a iya kwaso wannan tsari a dasa shi a nan ba, domin gasarsu ba a faɗuwa daga cikinta, kuma jami'o'insu ke renon 'yan wasa da kuɗi masu yawa. Amma darasin rubutu da ajiye bayani bai fi ƙarfinmu ba. A nan abin da aka saba shi ne a kira gwaji na 'yan kwanaki gab da fara kaka, yara su yi dafifi, a duba su a gurguje, sa'an nan a cike guraben da 'yan wasan da wasu ƙungiyoyi suka sallama. Mai horarwa ba shi da laifi sosai, domin ya san in ya yi rashin nasara sau uku a jere kujerarsa ta fara rawa, don haka ya fi son wanda ya goge a kan yaron da zai ɗauki shekara biyu kafin ya nuna. Shugabannin ƙungiyar ma naɗin gwamnati ne, sukan sauya in gwamnati ta sauya, wani lokaci ma kafin haka. Wanda bai san ko zai kai baɗi ba, da wuya ya shuka abin da sai shekara biyar zai yi 'ya'ya.

A wannan giɓi ne dillalan 'yan wasa ke shiga. A cikinsu akwai na kirki masu lasisi, akwai kuma waɗanda ke karɓar kuɗin iyaye da alƙawarin kai yaro Turai. Ya kamata iyaye su sani cewa dokar hukumar FIFA ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa domin ƙwallo, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Duk wanda ya zo da maganar fitar da ɗan shekara 15, to a tambaye shi ta wace ƙofa.

Tun 2025 kuma Pillars ta sami abokiyar gasa a gida, domin a shekarar ce Barau FC ta hau babban rukuni. Wannan ya ƙara wa majalisa abin gardama, ya kuma ƙara wa yaron unguwa ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Masu hangen nesa a cikin magoya baya suna ganin in Pillars ba ta tashi tsaye wajen renon ƙaramar ƙungiyarta ba, wata rana za ta riƙa sayen 'ya'yan Yakasai da Dala da tsada daga hannun maƙwabta.

Akwai kuma kuɗin da ƙungiyoyin unguwa ke asara ba su sani ba. Bisa ga dokar FIFA, duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata yana cikin kwantiragi, ana ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi tsakanin shekara 12 zuwa 23. Watau in aka sayar da yaro a kan Yuro miliyan ɗaya, Yuro 50,000 na masu renonsa ne, kowa gwargwadon shekarun da ya yi a hannunsa. Sharaɗin kawai shi ne ƙungiyar ta kasance da rajista a hukumar ƙwallo, kuma sunan yaron ya kasance a rubuce a ƙarƙashinta, shekara bi shekara. Kocin da ya yi shekara shida yana sayen ƙwallo da kuɗin aljihunsa a filin Mahaha, in bai rubuta ba, ba shi da ko kwabo. Wannan aiki ne na Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Jihar Kano da Ma'aikatar Matasa da Wasanni, kuma bai buƙaci a gina sabon fili ba: magatakarda ne da littafin rajista, da wanda zai zagaya filayen cikin birni kafin damina ta ɗauke.