Hayaƙin Motar Naitiro Ba Ciwo Ba Ne

Wata magana tana yawo a tsakanin matasan da suka fara sha'awar ƙananan motocin tseren nan na rimot masu injin gaske, waɗanda ake kira naitiro: wai injinan jabu ne, ba sa rufa wata guda sai su buga. Wasu ma har da fatawa, cewa tunda man motar yana da tsada kuma samunsa sai an sha wuya, a gauraya fetur da baƙin mai kamar yadda ake yi wa ƙaramin janareta, ai inji duk inji ne.

Maganar fetur ba ta buƙatar doguwar muhawara. Fulogin wannan inji ba ya ba da tartsatsi. 'Yar siririyar waya ce a naɗe cikinsa, mai haɗin filatinam, wadda ake ɗora wa batir mai bolt 1.2 zuwa 1.5 ta yi jajir, a ja igiya, inji ya tashi, a cire batirin. Daga nan sinadarin metanol da ke cikin man ne yake ci gaba da hura wayar duk lokacin da ya taɓa filatinam ɗin. Wani Ba'amurke, Ray Arden, shi ya fito da irin wannan fulogi kasuwa a 1947, kuma har yau dabarar ba ta sauya ba. Fetur ba ya wannan aiki, sannan yana kumbura tiyon silikon da man ke bi. Mai son motar rimot ta fetur akwai su, manya ne irin su HPI Baja masu inji wajen cc 23 zuwa 30, amma wannan wata dabba ce daban.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne batun hayaƙi. Mutum zai sayi motar Traxxas ko Kyosho da kuɗi masu nauyi, ya ga salansa tana fitar da shuɗin hayaƙi, mai yana ɗiga a gefen taya, sai ya ce tana shan mai da yawa. Ya ɗauko sukudireba ya murɗa allurar kafireta ya matse. Nan take kuwa motar ta ƙara gudu, ƙararta ta koma siririya mai daɗin ji, hayaƙi ya ɗauke. Yana murna ya gyara inji, alhali yanka shi ya fara.

Dalili kuwa, wannan inji ba shi da wani ma'ajin baƙin mai. Man da zai shafe fistin da sauran ƙarafa yana cikin man da ake ƙonawa: metanol ne mafi rinjaye, sai naitirometen kashi 10 zuwa 30 cikin ɗari, sai man shafawa, na zurma ko na masana'anta, daga kashi 8 zuwa 18. Idan ka rage man da ke shiga, ka rage shafawa, ka kuma rage sanyaya, domin metanol ɗin da ke tururi a ciki yana kwashe zafi. Ga inji da galibi bai wuce cc 3.5 ba yana juyawa fiye da sau 30,000 a minti ɗaya. Fistin ɗinsa ma ba shi da ringi. Alminiyam ne a cikin hannun riga na tagulla mai rufin kurom, wanda aka ɗan tsuke bakinsa ta sama don ya kama fistin. Wannan 'yar tsukewa ita ce duk ƙarfin injin, kuma zafi ba ya jimawa yake cinye ta. Da ta tafi, sai ka ga mota tana tashi da sanyi, da ta ɗumama ta mutu, ta ƙi tashi sai ta huce. A nan ake cewa jabu ce.

Allura biyu ce a yawancin kafiretocin, ta babban gudu da ta ƙaramin gudu, sai kusar sulo. Murɗawa dama ragin mai ne, hagu ƙari. Masu abin ba sa wuce kashi ɗaya cikin takwas na zagaye a lokaci guda, kuma ba sa taɓa komai sai inji ya ɗumama. Ana fara daidaita ta babban gudu, ana matsewa kaɗan-kaɗan har motar ta saki jiki, amma dole hayaƙi ya kasance ana ganinsa idan an ba ta wuta. Ta ƙaramin gudu kuwa da yatsa ake gwada ta: a matse tiyon mai kusa da kafireta yayin da inji ke sulo. Idan ya yi daƙiƙa biyu zuwa uku, ƙararsa ta ɗan hau sannan ya mutu, lafiya lau. Ya mutu nan take, yunwa yake ji. Ya daɗe yana gurnani, mai ya yi masa yawa. Zafin da ake so a kan injin wajen digiri 95 zuwa 120 ne a ma'aunin Salsiyos. Wanda ba shi da na'urar awo sai ya ɗiga ruwa a kai: ya yi 'yan daƙiƙoƙi yana tafasa kafin ya bushe, to da sauƙi, ya yi tsalle ya ɓace, a kashe inji.

Saiti ɗaya kuma ba ya kai ka shekara. Iska mai sanyi ta fi kauri, tana neman ƙarin mai, don haka saitin da ya yi daidai da azahar a watan Afrilu zai bar inji da yunwa da sanyin safiyar hunturu. Ƙurar hunturun ma babbar abokiyar gaba ce. Soson matatar iska sai an wanke, an shafa masa mansa, an ɗaure da kyau, domin idan ya faɗi a filin ƙasa, minti kaɗan ya isa yashi ya goge fistin.

Sauran matsalolin ba su da zurfi. Ya ƙi tashi, a ciro fulogi a ɗora masa batir, in wayar ba ta yi ja ba a sauya. Igiya ta ƙi jawuwa, mai ne ya cika ciki, kada a yi ƙarfi da ita. A cire fulogi, a kifa motar, a ja har ya zube. Sulo yana hawa yana sauka shi kaɗai, ko ana ganin kumfa a tiyo, iska ce ke shiga ta wani wuri: fashewar tiyo, murfin tanki, ko gindin kafireta. Sabon inji kuma yana son tanki wajen biyar a hankali da wadataccen mai kafin a sake shi, abin da masu sayarwa da yawa ba sa damuwa su faɗa wa mai saye, tunda kuɗi ya riga ya shiga aljihu.

Shi kansa man yana lalacewa. Metanol yana zuƙar danshi daga iska, galan da aka bari a buɗe da damina ya tashi daga aiki, wanda ya kwana a cikin inji kuma tsatsa yake sa wa boris. Bayan wasa a zazzage tanki, a tayar da inji ya ƙone ragowar, a ɗiga masa man kariya. Kuma don Allah a daina juye shi a robar lemo a ajiye a tsakar gida. Metanol guba ne da ke makantarwa, yana kisa, wutarsa da rana da ƙyar ido ke ganinta, ga shi kamfanoni da yawa suna rina man da launi mai kyau da zai ja hankalin yaro. A bar shi a galan ɗinsa na asali, a rufe gam, a kulle a inda rana ba ta duka.