Daga Abuja zuwa Bolari: Zafi ne ke tsufar da batirin motar lantarki, ba hunturu ba

Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, wasu ma'aikatan tarayya da ke da iyali a Gombe suka fara tunanin sayen motar lantarki. Tambayarsu ɗaya ce: in aka cika batir a Abuja, zai kai mutum ƙofar gidansa a Bolari?

Ba zai kai ba. Hyundai Kona da aka ƙaddamar a Abuja a 2021 an ce tana cin kilomita 482 da caji ɗaya, alhali hanyar da ta ratsa Jos da Bauchi ta haura kilomita 500. Wannan adadin ma na sabon batir ne, a madaidaicin yanayi.

Masu fargabar sanyi suna da hujja, sai dai hujjar ta ƙasashen ƙanƙara ce. Gwajin da ƙungiyar direbobin Amurka ta AAA ta yi a 2019 ya nuna cewa a digiri 7 ƙasa da sifili, tare da kunna na'urar ɗumama mota, zangon tafiya na raguwa da kashi 41 cikin ɗari. Hunturun Gombe bai kusanci haka ba, kuma abin da sanyi ya rage yana dawowa da zarar batirin ya ɗumama.

Ɓarnar zafi kuwa ba ta dawowa. Motar da ta wuni a rana a Bolari cikin Afrilu, lokacin da zafi ke kusantar digiri 40, batirinta kuma a cike maƙil, tsufa take yi ko tana ajiye, domin zafi na hanzarta lalacewar sinadaran cikinsa. Kamfanin Geotab ya ƙiyasta a 2024 cewa batir na rasa kimanin kashi 1.8 na ƙarfinsa duk shekara, a ƙasashe masu zafi kuma abin ya fi sauri.

Sai a yi lissafi. 'Yar Kwatano mai shekara biyar ta koma wajen kilomita 440. A cire kashi 17 da gwajin AAA ya nuna ana rasawa a digiri 35 in an kunna na'urar sanyaya mota, saura kusan 365, ga kuma Hawan Kibo a gaba. Ko Bauchi ba za ta kai ba sai an tsaya caji a Jos.

Don haka mai niyyar saye ya nemi a auna masa lafiyar batirin kafin ya biya ko kwabo. In ya saya, ya tanadi rumfa, ya kuma tsayar da cajin yau da kullum a kashi 80.