Rubutun Tsutsa: Adon Takarda Mai Bukatar Lura

Duk wanda ya taɓa karɓar katin gayyatar ɗaurin aure daga gida, ko daga Suleja ne ko daga wani gari na Arewa, zai lura sunan ango da na amarya sukan zo da wasu haruffa sirara masu karkata dama, kamar gero idan iska ta kaɗa shi. Wannan shi ne rubutun tsutsa, wanda Turawa ke kira italik, kuma yana da tarihi fiye da shekara 500.

Asalinsa daga birnin Banis ne na ƙasar Italiya, shi ya sa ma sunan ƙasar ya bi shi. A shekarar 1501 wani mai ɗab'i da ake kira Aldus Manutius ya sa wani gwanin sassaƙa haruffa, Francesco Griffo, ya sassaƙa masa haruffa masu kama da rubutun hannu na malaman zamanin. Da su ya buga waƙoƙin Virgil cikin ɗan ƙaramin littafi wanda mutum zai iya riƙewa a tafiya. A wancan lokaci littafi sukutum ake bugawa da su. Daga baya ne masu ɗab'i suka mai da su abokan tafiyar miƙaƙƙun haruffa, ana jawo su inda ake bukata kawai.

Kyakkyawan rubutun tsutsa ba karkatar da harafi ba ne kurum. Gwani yakan sake zana kowane harafi: a takan koma mai ciki ɗaya irin ta rubutun hannu, f takan zuro wutsiya ƙasa da layi, 'yan ƙafafun da miƙaƙƙun haruffa ke tsayawa a kansu kuma su zama lanƙwasa, watau inda alƙalami ya shiga da inda ya fita. Wani wuri kauri, wani wuri siriri. Wanda ya yi karatun allo ba zai sha mamaki ba, domin haka alƙalamin gamba ke yi idan an fere bakinsa da faɗi.

Amfaninsa a littafi sananne ne. Da shi ake rubuta sunan littafi ko jarida, da kalmar da aka aro daga wani harshe, da kalmar da ake son mai karatu ya tsaya a kanta. Misali, tarihin Suleja tun tana amsa sunan Abuja, wanda Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, Frank Heath ya fassara shi, aka buga a Ibadan a 1952 da sunan A Chronicle of Abuja. A ƙa'idar ɗab'i, da rubutun tsutsa ake ambaton irin wannan suna, don kada ya ɓace cikin sauran magana. Amma gishiri ne: kaɗan ya gyara miya, da yawa ya ɓata ta. Shafi guda cur na siraran haruffa yakan gajiyar da ido, balle na dattijo.

To, ga inda gizo ke saƙar ga Bahaushe. Tun shekarun 1930 aka tsayar da haruffa masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, cikin rubutun boko, littattafan Zariya kuma suka yaɗa su, musamman bayan kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Sai dai yawancin kyawawan haruffan da aka zana a Turai ba su san da zamansu ba. A shekarun 1980 an yi ƙoƙarin samar da haruffa na bai ɗaya domin harsunan Nijeriya, har shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf, ya sa hannu a aikin. Duk da haka har yau akwai nau'o'i da dama a kwamfuta waɗanda ba su da ƙugiya. Idan ma'aikaci ya zaɓi irinsu, ko dai ƙ ta fito a miƙe tsakanin 'yan uwanta karkatattu, ko kuma ya share ƙugiyar ya huta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Baƙi sai su koma baki, ƙafa ta koma kafa, ɗaki ya koma daki. Mutumin Suleja da ke zaune a Agege ko Sabo ta Ibadan, idan ya kai aikin katin auren 'yarsa wurin mai ɗab'in da ba ya jin Hausa, shi ne kaɗai zai iya gane kuskuren, kuma idan an riga an buga kati 500, bakin alƙalami ya bushe.

Maganin abin mai sauƙi ne. Akwai nau'o'in haruffa na kyauta irin su Gentium da Charis da Noto Serif, masu rubutun tsutsa na gaske tare da ƙugiyoyinsa cif. Mai aiki ya ambaci sunansu, ya nemi a fitar masa da gwaji guda, ya karanta shi kalma bayan kalma kafin a tayar da inji. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.